Shekara Biyu da Janaretan Fetur a Birnin Kebbi

A tsakiyar watan Satumba na 2023 gobara ta tashi a babbar tashar wutar lantarki ta Birnin Kebbi, wadda ke karɓar wuta daga Kainji tana miƙa wa Kebbi da Sakkwato da Zamfara, kuma a cikin kwanakin duhun da suka biyo baya ne na haƙura na sayi janaretan da zan yi bayani a kansa. Kafin nan ɗan ƙaramin inji nake da shi, irin wanda kowa ke kira Tiger, wanda ake zuba wa fetur gauraye da baƙin mai, kuma iyakar aikinsa ya juya fanka, ya kunna ƙwai uku ko huɗu, ya yi cajin wayoyi. Ba a ƙera shi don ya tayar da firiza ba, alhali a kan firiza sana'ar uwargida ta zoɓo da kunun aya da ƙanƙara ta dogara. Ranar da muka kwashe kifi da naman da ke cikinta muka rarraba wa maƙwabta tun kafin su fara wari, na tabbata lokacin sayen babban inji ya yi. Yanzu injin ya haura shekara biyu a gidana da ke Badariya, ya ga bazara biyu da hunturu biyu da damina biyu, don haka ina jin na san halinsa sanin da zai amfani wanda ke shirin shiga kasuwa.

Ba zan ambaci sunan da ke jikin tankinsa ba, kuma ina da dalili. Wanda ya shiga shagunan masu injina a Birnin Kebbi ko a Jega zai tarar da sunaye jere, su Firman da Elepaq da Lutian da Thermocool, da Honda ga mai ƙarfin aljihu, sannan da waɗansu da aka sauya musu harafi ɗaya don su yi kama da sanannu. Amma in aka bar launin fenti aka leƙa ƙarƙashin tanki, za a ga yawancin masu matsakaicin girma inji iri ɗaya suke ɗauke da shi, wato injin ƙirar ƙasar Sin da aka kwaikwaya daga Honda GX160 da GX200. Lambarsa 168F, wani lokaci da ƙarin harafi ko lamba a bayanta, kuma a jikin ƙarfen injin ake buga ta daga ƙasa. Lambar tana da ma'ana: 1 na nufin silinda ɗaya, 68 faɗin silindar ne a milimita, F kuwa alama ce ta cewa iska ce ke sanyaya shi. Babban wansa shi ne 188F, wanda ake sa wa manyan janaretoci masu ba da kilowat biyar. A nan Kebbi wannan sani yana da ƙarin amfani, domin irin wannan 168F ɗin ne ke jikin yawancin injinan ban-ruwa da manoman shinkafar rani ke amfani da su a fadamun Argungu da Suru da Bunza. Saboda haka fulogi da kafireto da igiya da zoben fistin ɗinsa ba sa wahalar samu ko a kasuwar ƙauye, kuma da wuya a rasa bakaniken da ya san cikinsa.

Irin wannan bakaniken na ɗauka muka tafi kasuwa tare, wani dattijo da ya shafe shekaru yana gyaran injinan fadama, kuma kuɗin goron da na ba shi ranar shi ne kuɗi mafi albarka a duk cinikin. Mai shagon ya nuna mini wani jan inji da aka rubuta wa lamba mai girma a kan tanki, ya ce, "Alhaji, wanga ƙarfinsa uku da rabi ne, har esi yana ɗauka." Dattijon bai ce uffan ba. Ya tsugunna, ya sa babban yatsa ya share ƙurar da ke kan wani ɗan faranti da aka manna a gefen gidan kwayil, ya kira ni na duƙa. A kan farantin an rubuta ƙarfi iri biyu: wanda injin zai iya riƙewa yana aiki na awanni, kilowat 2.5, da wanda zai iya kaiwa na ɗan lokaci kaɗan, kilowat 2.8. Ya ce, "Malam, na kan tanki ado ne, gaskiyar tana nan ƙasa."

Daga baya na fahimci dalilin. Injin mai faɗin ciki cc 196 ana cewa yana da ƙarfin doki shida da rabi, amma wannan a gudun juyi 3,600 ne a minti. Wutarmu ta Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, don haka dole a tsayar da injin a juyi 3,000, ƙarfinsa ya ragu, sannan kwayil ya ci nasa rabon ya mai da shi zafi. Abin da ke saura ya isa soket bai wuce wat 2,500 zuwa 2,800 ba, komai girman lambar da aka zana a kan tanki da kwali. Duk mai shagon da ya ce injin 168F zai ba da kilowat huɗu, ko dai bai sani ba ko kuma yana so ya rufe ciniki da wuri.

Da wannan wat 2,500 na zauna na yi lissafin gidana, lissafin da ya kamata a ce na yi tun kafin in fita kasuwa. Fankokin sama uku, kowace kusan wat 75, sun tashi 225. Ƙwai goma na zamani marasa cin wuta, wat 10 kowane, 100 ke nan. Talabijin da dikoda wajen 120, firji kusan haka, firiza tsakanin 150 da 200, cajin wayoyi da fitilun yara a bar su a 50. Jimla wajen wat 800, abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin injin ba. Wanda ya tsaya a nan zai ce na yi almubazzaranci, da na sayi ƙarami. Sai dai duk abin da ke da mota ko kwamfireso a cikinsa, kamar firji da firiza da famfon ruwa da esi, yana fizgar wuta ninki uku ko fiye a daƙiƙun farko na tashinsa kafin ya daidaita. Firizar da ke cin wat 200 tana iya neman 700 ko 800 a lokacin da kwamfiresonta ya motsa, kuma ana jin haka a muryar injin, yakan yi ƙasa kamar mai haɗiyar loma sannan ya dawo. Wannan fizgar ce ke kashe ƙananan injina, ita ce kuma dalilin da ya sa ake so nauyin yau da kullum kada ya wuce kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na ƙarfin da ke kan farantin.

Inda lissafin ya matse shi ne wurin sumo, wato injin jan ruwa daga rijiya, da dutsen guga. Sumon rijiyata mai ƙarfin doki ɗaya yana cin wajen wat 1,000 in yana aiki, tashinsa kuwa yana kai injin bakin iyakarsa. Dutsen guga ba ya fizga, amma yana riƙe wat 1,200 ko fiye duk lokacin da ya ɗauka. Tsarin da muka zauna a kansa shi ne, in an tayar da inji a bar shi ya yi minti biyu ko uku babu kaya a kansa, a fara da sumo shi kaɗai har tankin ruwa ya cika, a kashe shi, sannan a kunna firiza, bayan ta daidaita a kunna firji, sauran kaya su biyo baya. Guga kuwa sai an cire firiza. Ranar da ɗaya daga cikin yaran ya manta ya jona dutsen guga sumo na aiki, makarin da ke jikin injin ya faɗi nan take, kuma na yaba masa a kan haka, domin faɗuwar makari ta fi ƙonewar kwayil sauƙi nesa ba kusa ba. Batun esi, maganar mai shago ba ƙarya ce tsantsa ba. Na gwada esi mai ƙarfin doki ɗaya, ya tashi, amma sai da na kashe firiza da firji, kuma injin ya riƙa aiki cikin wahala da shan mai. Wanda ya ƙudurta zai kwana da esi a watan Afrilu, ya nemi mai injin 188F tun farko, ko kuma esi na zamani mai inbata wanda ke tashi a hankali ba tare da fizga ba.

Abu na biyu da dattijon ya duba shi ne wayar kwayil. Akwai ta jan ƙarfe, wadda masu shago ke kira kofa, akwai ta alminiyam da ake shafa wa launi ta yi kama da ita. Ta jan ƙarfe ta fi jure zafi da nauyi, ta fi tsada, kuma ta fi nauyi a hannu, har ana iya gane bambanci in aka ɗaga injina biyu masu girma ɗaya. Shi dai ya sa aka kwance murfin baya, ya ɗan kankare bakin waya da tsinin wuƙa, ya ga ja har ciki, sannan ya gyaɗa kai. A garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, wannan ƙarin kuɗi ba asara ba ne. A cikin murfin nan ne kuma ake ganin ɗan abin da ake kira AVR, mai siffar tsinin wata, wanda ke daidaita ƙarfin wuta. A wannan fanni injin ya cika alkawari. Allurar mitarsa tana zama tsakanin bolt 220 da 230, ba na ganin ƙwai na lumshewa sai a daƙiƙar tashin firiza, kuma cikin shekara biyu ban yi asarar talabijin ko caja ko ɗaya ba ta dalilinsa. Tashinsa ma ba wahala. Da sanyin safiyar Janairu in an ja cok, ja biyu na igiya sun isa, har babbar 'yata tana tayar da shi ba sai an jira ni ba.

Sai maganar mai, wadda ita ce ainihin farashin janareta, domin kuɗin saye sau ɗaya ake biya. Na sayi injin ne watanni kaɗan bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta wuce 600 a watan Yuli, kuma zuwa Oktoban 2024 ta ƙetare 1,000. Tankin injin lita 15 yake ci. Don in san gaskiyar shansa, na bar shi ya shanye tas, na auna lita biyar na zuba, na ɗora masa kayan da muka saba, wato wat 800 ɗin nan, sai ya yi kusan awa biyar da rabi. Kusan lita ɗaya ke nan a kowace awa. In aka ɗauki lita a kan naira 900, kowane yunit na wuta da injin ya ba ni yana tashi wajen naira 1,000, alhali kuɗin yunit na wutar Nepa ga 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka ware don samun wuta mafi yawa, da aka ɗaga zuwa naira 225 a Afrilun 2024 har ƙasa ta ɗauki ƙara, bai kai rubu'in haka ba. Awa biyar a dare, dare ashirin a wata, lita 90 ke nan, wato naira 81,000. Kafin injin ya cika wata shida a gidana, kuɗin man da ya sha ya wuce kuɗin da na saye shi.

Akwai wani abu game da shan man da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Irin wannan inji dole ya riƙa gudu a juyi 3,000 ko da ƙwai ɗaya ne a kansa, saboda haka rage kaya ba ya rage mai yadda ake zato. Na gwada shi da fankoki biyu kawai, bambancin bai taka kara ya karya ba. Hikimar ita ce a tara ayyuka a cikin awannin da yake kunne, a ja ruwa, a yi guga, a sanyaya firiza, a cika batiran fitilu da na fankar caji, sannan a kashe shi wajen sha ɗaya na dare a ƙarasa kwanan da abin da aka tara. Wannan ne kuma ya sa ba na ba mutum shawarar ya sayi babba don kawai yana da kuɗin, domin mai 188F yana shan kusan ninki biyu, ko gidan na bukatar ƙarfin ko ba ya bukata. A azumin 2024, wanda ya faɗo daga Maris zuwa Afrilu cikin tsakiyar zafi, mun gwada yin ƙanƙarar sayarwa da janareta zalla, muka ga ba ta fitar da kuɗin manta. Ribar tana zuwa ne kawai in injin ya ƙarasa abin da wutar Nepa ta fara, ya riƙe sanyin firiza na awa uku ko huɗu kada ƙanƙarar ta saki.

Yanayinmu yana da nasa haraji a kan inji. Tun da iska ce ke sanyaya shi, kuma iskar bazara ita kanta zafi gare ta, ƙarfinsa yana ɗan raguwa da rana tsaka, abin da nake ji a murya in sumo ya tashi da azahar. Na yi masa rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe da keji na rodi saboda ɓarayi, ban yarda an gina masa ɗaki na bulo ba, kuma ba na bari ya wuce awa shida bai huta ba. Hunturu kuwa ƙura ce matsalarsa. Soson da ke tace iska yakan toshe cikin mako biyu, injin ya fara baƙin hayaƙi da ƙarin shan mai, maganinsa kuwa a wanke soson da ruwan sabulu, a shanya ya bushe sarai, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a matse, a mayar. Baƙin man injin bai fi lita 0.6 ba, kuma sabon inji babu mai a cikinsa yake zuwa, wanda ya tayar da shi haka yana iya lalata shi tun ranar farko. Na zubar da na farko bayan awa 20 kamar yadda littafinsa ya ce, ya fito da ɗan ƙyalƙyalin garin ƙarfe, abin da aka saba gani a sabon inji. Littafin ya ce bayan nan duk awa 100, ni kuwa a bazara ba na wuce 50 ko 60, domin ɗan man da bai cika lita ba yana saurin tsinkewa a irin zafinmu. Akwai na'urar da ke kashe injin in baƙin mai ya yi ƙasa, kuma takan kashe shi ko da man ya isa in an ajiye shi a karkace. Waɗansu masu gyara sukan yanke wayarta don a huta da damuwa. Kada a yarda, a daidaita ƙasan wurin kawai.

Aibobinsa ba su da yawa, amma suna nan, kuma duk a ƙananan kaya suke, inda masu ƙira ke rage kuɗi. Ɗan batirin tayarwa da makulli bai cika wata tara ba ya mutu, ban ma sake saye ba sai bayan shekara. Allurar da ke nuna yawan mai a kan tanki ta maƙale a rabi tun damina ta farko, yanzu da sanda nake aunawa. Tayoyinsa na roba ne marasa ƙwari, ɗaya ta tsage a kan tsakuwar tsakar gida. AVR ya ƙone sau ɗaya a shekara ta biyu, wutar ta faɗi ƙasa, aka canza shi cikin minti ashirin a kan kuɗi kaɗan. Takardar garantin da aka ba ni kuwa, da na koma da ita kan batun batir, sai aka ce batir ba ya ciki, ban kuma ja maganar ba. Matsalar da ta fi ba ni wahala laifina ce. A wani lokacin layin mai na sayi jarka guda a hannun 'yan bumburutu, washegari injin ya fara tari yana hawa yana sauka, da aka kwance kofin kafireto aka tarar da ruwa da laka a kwance a ƙasa. Tun daga ranar sai gidan mai, kuma da ƙyalle nake tacewa. In kuma zan yi tafiya ta kwanaki, sai in cire kaya daga kansa, in rufe famfon mai, in bar shi ya shanye abin da ke cikin kafireto ya mutu da kansa, domin fetur in ya daɗe a ciki yana zama danƙo.

Ƙara kam yana da ita, babu ɓoyewa. Ba a iya hira a kusa da shi, kuma a daren da unguwa ta yi tsit ana jin sa daga gida na uku. Maƙwabcina bai taɓa yi mini magana ba, amma na san ɗakin mahaifiyarsa yana jikin katangarmu, don haka na mayar da injin ɗaya kusurwar, na shimfiɗa masa tsohuwar taya a ƙasa don rage girgiza, kuma ba ya kai sha biyun dare a kunne sai in akwai marar lafiya a gida.

Wurin ajiyewar yana da dalilin da ya fi ƙara nauyi. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma ba sau ɗaya ba sau biyu ba an ji labarin iyali guda da aka wayi gari babu mai motsi saboda an kwana da janareta a cikin gida. Yadda gidajenmu suke yana sa a faɗa wannan tarko cikin sauƙi: hadari ya taso, sai a ja injin zuwa zaure ko baranda ko kicin don kada ruwa ya taɓa shi, ko a shigar da shi soro don tsoron ɓarawo, a rufe ƙofa a kwanta. Gubar tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da mutuwar jiki, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya daga ciki. Ƙa'idar ita ce injin ya kasance a fili, nesa da taga da ƙofa da kamar mita shida, salansa na kallon wajen da ba ɗaki. Buɗe taga ba ya wadatarwa. Haka kuma ba a zuba mai injin na aiki ko yana da zafi, domin tankin yana saman injin ne, ɗigo kaɗan a kan salansa ya isa ya tayar da gobara, kuma jarkar mai ba ta kwana kusa da murhu.

Haɗa shi da wayarin gida ma ba wurin tsimi ba ne. Na sa mai wayarin ya kafa makunnin canjin layi, wanda suke kira canji-oba, ta yadda gidan ba zai taɓa haɗuwa da janareta da layin Nepa a lokaci ɗaya ba. Masu soka waya kai tsaye a soket ɗin bango suna wasa da abu biyu. In an dawo da wuta injin na kunne, kwayil ya tafi. Mafi muni kuma, wutar injin tana iya bin layi ta koma taransifoma, ita kuwa ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, ta sami ma'aikacin da ya hau falwaya yana da tabbacin layin a mace yake. Na ƙara da ɗan ƙwai ja a gefen layin Nepa wanda ke kamawa in an kawo wuta, kuma wannan ƙwan da bai kai kuɗin lita ɗaya ba ya hana ni ƙona lita da yawa a banza.

To wa ya dace ya sayi irin wannan inji? Mai gida irin nawa, mai ɗaki uku ko huɗu, da firji da firiza da sumo, wanda ke neman awa huɗu zuwa shida a rana don cike giɓi. A gare shi ban ga abin da ya fi shi daidaita tsakanin kuɗin saye da ƙarfi da sauƙin gyara ba. Mai ɗaki ɗaya da fanka da talabijin ba ya bukatarsa, ƙaramin falan sola da batir sun fi masa arha nan da shekara guda, kuma rana dai ba ta yanke mana a Kebbi. Injin gas, wato dizal, ya fi daɗewa kuma ya fi dacewa da mai asibiti ko otal ko injin casa da ke aiki yini guda, amma kuɗinsa da kuɗin gyaransa sun fi ƙarfin bukatar gida. Akwai sabbin janaretoci masu inbata waɗanda ke rage gudu in kaya sun yi sauƙi, ba su da ƙara kuma ba su da shan mai sosai, sai dai tsadarsu, ga shi in allon cikinsu ya lalace bakaniken fadama ba shi da abin yi a kai. Wani abokin aikina ya canza wa nasa kafireto ya koma gas ɗin girki, kuma na ga baƙin mansa yana daɗewa bai yi duhu ba, amma ƙarfin ya ɗan ragu, ribar kuma tana bin farashin gas ne, wanda shi ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wanda zai bi wannan hanya ya tabbata tiyo da maɗaurinsa masu kyau ne, tukunyar gas ɗin kuma tana nesa da zafin injin.

Ni dai a bana na sa ƙaramin sola da ke riƙe fankoki da ƙwai da dare, abin da ya rage wa injin aiki zuwa awa biyu ko uku na sumo da firiza da guga, kuɗin mai na wata ya sauko ƙasa da rabi. Littafin da nake rubuta awanninsa ya nuna ya haura awa 2,000. Kwanan nan ya fara fitar da ɗan shuɗin hayaƙi in an tayar da shi da safe, baƙin mansa kuma yana raguwa kafin lokacin canji. Na kira dattijon ya saurare shi, ya zare fulogi ya duba bakinsa, ya ce kwayil lafiya lau yake, zoben fistin ne ya ci, kuma gara a canza shi kafin zafin Maris ya shigo. Mun yi da shi zai zo ranar Asabar in ya dawo daga fadama.